Rektifaya ta uku ke nan a gurbi ɗaya: laifin na'ura ne ko na wutar da take sha?

Aminu, Daura

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da warhaka. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sukuni kusan wata biyu ke nan. Daga cikin tashoshin sadarwa da nake kula da wutarsu akwai wata a kan hanyar Daura zuwa Mai'adua, wadda akwatin wutarta yake ɗauke da rektifaya huɗu, wato na'urorin da ke mayar da wuta mai kai-komo (AC) zuwa mai bin hanya ɗaya (DC), kowace mai ƙarfin wat 3000, tare da jerin batura biyu, kowane jeri batir huɗu ne masu bolt 12 da amfiya-awa 150. Lodin tashar yakan kai amfiya 70, wutar da ke shigowa kuma mai fes uku ce, wato ta wayoyi uku masu wuta take zuwa, wani lokaci daga layi, wani lokaci daga janareta.

Tun farkon watan Maris rektifayar da ke gurbi na uku take kashe kanta tsakanin azahar da la'asar, fitilarta ta canja launi, sannan ta koma aiki da kanta bayan magariba. Na cire ta na sa sabuwa daga sito, ta yi mako uku tana irin wannan hali, daga nan ta mutu gaba ɗaya, har da ɗan ƙauri da na ji lokacin da na zaro ta. Na sake sa wata, kuma shekaranjiya ita ma ta fara. Duk lokacin da na je da safe na auna, wutar shiga tana tsakanin bolt 228 da 233 a kowane fes, wutar fita kuma tana kan 54 daidai. Abokan aikina sun ce rukunin da aka kawo mana ne marar kyau, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba, domin sauran ukun da ke cikin akwatin ba su taɓa yin tari ba. Daga ina ya kamata in fara?

Injiniya Lawal, Ƙofar Kaura

Wa'alaikumus salam, Aminu. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Idan na'ura uku daban-daban suka nuna ciwo iri ɗaya a gurbi ɗaya, to ci gaba da sauya su tamkar a bar jaki ne ana dukan taiki. Abu na farko da za ka yi ba ya bukatar ko sisi: ka musanya ta gurbi na uku da ta gurbi na ɗaya, ka rubuta lambar kowace da inda ka sa ta. Waɗannan na'urori an ƙera su ne yadda za a zare ɗaya a mayar ba tare da an kashe tasha ba, don haka babu fargaba matuƙar sauran suna ɗauke da lodin. Idan ciwon ya bi na'urar zuwa sabon gurbinta, ita ce mai laifi. Idan kuwa ya tsaya a gurbi na uku ya kama wadda ta shekara tana aiki lafiya, ka wanke na'urorin sito daga zargi.

Na biyu, awon da kake yi da safe ba ya gaya maka komai game da abin da ke faruwa da ƙarfe uku na rana. Dole ka kasance a wurin a lokacin da matsalar take aukuwa, mita a hannunka, ka auna kowane fes da nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ka auna fes da fes, sannan ka auna tsakanin nutiral da wayar ƙasa. Ka yi haka a kan wutar layi, ka kuma yi a kan janareta.

Na uku, ka shiga rajistar ƙararrawa da ke cikin kwantirola, na'urar da ke lura da aikin akwatin duka. Launin fitila kaɗai bai isa shaida ba, domin na'urar takan kashe kanta saboda dalilai da yawa: zafi ya yi mata yawa, ko fankarta ta tsaya, ko wutar shiga ta faɗi ƙasa, ko ta haura sama da abin da za ta iya jurewa. Kwantirola tana bambanta waɗannan, kuma tana ajiye lokacin da kowanne ya faru. Me ta rubuta a kan gurbi na uku?

Aminu, Daura

Na gode, Yallaɓai. Gaskiyar magana ban taɓa komawa baya cikin rajistar ba, abin da ke kan allo kawai nake dubawa idan na isa, kuma a lokacin an riga an koma daidai. In Allah ya yarda zan kwafo ta duka ranar Talata, kuma zan wuni a can.

Baba Tukur, Ƙofar Soro

Ɗana Aminu, abin da Injiniya ya faɗa maka daidai ne, amma ni da na ji ka ambaci watan Maris da tsakar rana, hankalina ya fi karkata ga zafi da ƙura. Na yi shekaru da dama ina kula da caja da batura na bolt 110 a tashoshin rarraba wuta kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya fi kashe mana kaya a wannan yanki namu shi ne abin da hunturu ya tara, bazara ta zo ta dafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura mai laushi kamar garin tuwo tana shiga ko'ina, ta toshe matatar iska da ke jikin ƙofar akwati, ta kwanta a kan fukafukan fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi. Muddin akwai sanyi na'urar ba za ta nuna komai ba. Sai Afrilu ya kama, zafin waje ya wuce digiri 40, akwatin ƙarfe yana tsaye a rana, sannan za ka ga ta fara rage ƙarfinta da kanta, in abin ya yi tsanani ta tsaya cak har ta huce.

Idan ka je, kafin ka taɓa mita, ka yi amfani da idonka da hancinka da kunnenka. Ka cire matatar ka ɗaga ta sama ka gani ko hasken rana yana ratsa ta. Ka kara bayan hannunka a inda iska ke fita daga kowace na'ura, ka kwatanta. Ka saurari fankar ta ukun, domin wadda ƙura ta ci gindinta kukanta yakan yi kaushi tun kafin ta tsaya. Ka leƙa bayan gurbin da tocila. Na sha tarar da gidan zanzaro ya toshe hanyar iska, na kuma taɓa ciro busasshiyar tsaka daga tsakanin ƙarafa biyu masu wuta. Idan akwai gurbin da babu kowa a ciki kuma an bar shi a buɗe ba marfi, iska mai zafi tana zagayowa ta nan ta koma cikin maƙwabciyarsa.

Wajen sharewa kuma ina roƙonka kada ka hura bulowa cikin na'ura tana aiki, domin ƙurar za ka tura can ciki. Ka zare ta, ka kai ta waje, ka riƙe fankar da ɗan tsinke don kada iska ta juya ta fiye da ƙa'ida, ka bi ta da busasshen buroshi mai laushi. Ƙurar da aka bari har damina ta faɗi takan sha raɓa ta zama laka mai ɗaukar wuta, daga nan kuma ba zancen shara ake yi ba, zancen ƙonewa ne.

Injiniya Hadiza, Dutsen Safe

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka lissafa yana faruwa, kuma ina da yaƙinin Aminu zai tarar da matatar a toshe. Sai dai ina so mu ɗan yi lissafi da alƙaluman da ya bayar, domin a ganina suna nuna cewa zafi kaɗai ba zai yi wannan aika-aika ba. Lodin tasha amfiya 70 ne. Baturan jeri biyu sun haɗa amfiya-awa 300, kuma abin da aka saba shi ne a ƙayyade cajinsu a kashi ɗaya bisa goma na wannan adadi, wato amfiya 30. Ko a lokacin da baturan ke tsananin jin yunwa, jimillar ba ta wuce amfiya 100 ba. Kowace na'ura mai wat 3000 tana iya ba da fiye da amfiya 50, ke nan biyu ma sun isa, ta uku ce ta ko-ta-kwana, ta huɗu kuma ƙari ce. Idan suna raba kaya daidai, kowace tana ɗauke da amfiya 18 zuwa 25, ƙasa da rabin ƙarfinta. Na'urar da ke tafiya da rabin kaya kuma sabuwa ce daga kwali, da fanka sabuwa, ba ta da dalilin faɗuwa saboda zafi alhali tsofaffin da ke gefenta, cikin akwati ɗaya da iska ɗaya, suna tsaye. Abin da ya bambanta gurbi na uku da sauran shi ya kamata a nema, kuma babban abin da na sani yana bambanta gurabe shi ne fes ɗin da kowanne yake sha.

Akwai kuma wata magana da ta ɗaga mini hankali a bayaninka, Aminu, ko da yake ba ita ka tambaya ba. Ka ce wutar fita tana kan 54 daidai a duk lokacin da ka je. Wannan adadi ya samo asali ne daga bolt 2.25 a kan kowane sel, sau sel 24 da ke jeri guda, shida a kowane batir, kuma ya dace ne da batir mai darma da ke zaune a digiri 25. Idan zafi ya ƙaru, kwantirola ya kamata ta riƙa sassauta wutar da kimanin milibolt 3 a kowane sel a kan kowane digiri ɗaya, wato milibolt 72 a jeri guda. Batir da ke digiri 40 ya kamata ya ga kusan bolt 52.9. Idan kullum 54 kake gani, ko dai ba a kunna wannan tsari ba, ko kuma ma'aunin zafin ba ya manne a jikin batir. Sakamakon haka shi ne baturan suna shan caji fiye da bukata, suna bushewa daga ciki, alhali ko ba wannan, kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana kusan raba rayuwarsu gida biyu. Ka shafa gefen kowane batir ka ji ko ya fara kumburi.

Oga Bashir, Sabon Layi

Ni gyaran irin waɗannan na'urori nake yi a shago, kuma abin da zan ce shi ne gawar na'ura tana ba da labarin abin da ya kashe ta. Malam Aminu, wadda ta mutu har ka ji ƙauri, tana ina? Idan an buɗe ta, wurin da ya ƙone zai raba gardamar Baba da Injiniya. Wadda zafi ya cinye a hankali, za ka ga kawunan kafasita sun kumbura ko sun zubo da ruwa, allon ya yi duhu a kewayen manyan taransisto, fanka kuma ta yi tauri idan ka juya ta da yatsa. Wadda wuta ta haura mata kuwa, ɓarnar tana nan bakin ƙofa: fis ɗin shiga ya tsinke, ɗan faifan nan mai kare na'ura daga hauhawar wuta, wanda muke kira MOV, ya tsage ko ya yi baƙi, wani lokaci har da hayaƙi a jikin marfi daidai inda yake. Shi wannan faifai an yi shi ne don ya shanye bugun wuta na ƙiftawar ido, irin na tsawa. Idan aka bar shi awa biyu ko uku kullum a kan wutar da ta wuce ƙima, zafi yake yi har ya gaji ya fashe. Mako ukun da ka ambata ya yi mini kama da haka.

Amma ina gargaɗin duk wanda zai buɗe: a cikin na'urar akwai manyan kafasita da ke riƙe da kusan bolt 400, kuma ba sa sakinsa nan take don an zare ta daga akwati. A bar ta ta huta, a auna da mita, a sauke abin da ya rage ta hanyar rezisto, kada a haɗa bakinsu da sukundireba. Ina da tabo a babban yatsana na dama tun ina yaron shago, dalilin gaggawar da na yi a kan wannan.

Injiniya Lawal, Ƙofar Kaura

Bayanin Oga Bashir yana da amfani ƙwarai, sai dai ban goyi bayan Aminu ya buɗe ta ba. Sabuwa ce daga sito, tana cikin wa'adin garanti, kuma da zarar an yage hatimin da ke jikinta an rasa damar mayar da ita. Ban da haka, ina da ja a kan mayar da gyararrun na'urori cikin tashar da jama'a suka dogara da ita. Na sha ganin wadda aka gyara ta kunna lafiya a kan teburi, ta ba da bolt 53.5 ba tare da lodi ba, amma da aka sa ta cikin 'yan uwanta sai ta ƙi raba kaya daidai, ko ta kwashe fiye da rabonta ko ta zauna tana kallo. Ga kuma shafen kariya da ke kan allo, wanda ake ƙone shi wajen walda ba a mayar ba, shi ne kuwa yake tsare allon daga ƙura da laima.

Oga Bashir, Sabon Layi

A kan garanti na yarda da ku, Yallaɓai, kada ya buɗe. Ya haska tocila ta ramukan iska na wajen shiga, sau da yawa ana hango baƙin daga nan. Amma a kan gyara ina da uzuri. Wanda yake da sito cike da sababbi zai iya jefar da na'ura saboda fanka, amma mai asibiti ko gidan rediyo ko ƙaramin kamfanin intanet a nan Katsina, wanda zai jira makonni kafin kaya su iso daga Legas, ba shi da wannan sarari. Laifin da kuka gani na wanda bai gwada aikinsa ba ne. Ni ba na sallamar na'ura sai na ɗora mata lodi na awanni, na sa ta tare da wata lafiyayya na ga bambancin abin da suke ja bai wuce amfiya ɗaya ko biyu ba, sannan na mayar da shafen inda na taɓa.

Injiniya Lawal, Ƙofar Kaura

Idan da haka kowa yake yi, da ja-in-jar ta ragu. Zan amince da gyararriya a matsayin ta ko-ta-kwana, amma ba zan bar tasha ta rataya a kanta ita kaɗai ba.

Sani, Batagarawa

Ina ɗalibi ne, ina bibiyar wannan muhawara da sha'awa. Baba Tukur, kun ambaci cajar bolt 110. Shin ita ma haka take kashe kanta ta ba da ƙararrawa idan ta sami matsala?

Baba Tukur, Ƙofar Soro

Tambayarka ta yi kyau, ɗana, kuma amsar ita ce tsofaffin ba su cika yin ƙara ba, shi ya sa suka fi haɗari. Cajar da muka yi aiki da ita taransifoma ce babba da tayirista shida, wato makunnan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kowace tana ɗaukar rabonta na wutar fes uku mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, su haɗu su fitar da wuta mai bin hanya ɗaya wadda rawarta ƙanƙanuwa ce, sau 300 a daƙiƙa. Wata rana na shiga ɗakin batura na ji gurnanin cajar ya sauya, ya yi kauri kamar na injin niƙa daga nesa, amma allurar mita tana nan inda take kullum. Da na dafa baturan na ji ɗumi. Na juya mitata zuwa awon AC na ɗora a kan wutar DC ɗin, sai ga rawar ta ninka abin da na saba rubutawa sau da yawa. Ashe fis ɗin tayirista ɗaya ne ya tsinke, biyar ɗin suna ta fama, baturan kuma suna shanye rawar suna zafi. Abin da ya cece mu shi ne ina da adadin watannin baya a littafi, da babu shi da ban san abin da zan kwatanta da shi ba. Muhimmancin abin kuwa shi ne da wannan wuta ake buɗe manyan bireka idan layi ya sami matsala. Ranar da ta gaza, wutar da ya kamata a yanke ba za ta yanku ba.

Tunda na sake magana, Aminu, ga kashedi kafin Talata. Kada bolt 48 na jerin baturanka ya ruɗe ka. Batir ba shi da makunni, kuma jeri irin naka yana iya zubo dubban amfiya idan aka haɗa bakinsa. A tsarin sadarwa ɓangaren fozitib ne aka haɗa da ƙasa, don haka sifana da ta taɓa sandar negetib ta kuma taɓa jikin akwati ta gama haɗa wuta. Ka cire agogo da zobe, ka yi aiki da kayan da aka naɗe da roba.

Aminu, Daura

Assalamu alaikum. Na dawo daga tashar jiya da dare, ga abin da na tarar, kuma ina roƙon afuwa saboda tsawon bayanin.

Na isa da hantsi na fara da musanya ta uku da ta ɗaya kamar yadda Injiniya Lawal ya ce. Sannan na kwafe rajista, na tarar gurbi na uku ya rubuta hauhawar wutar shiga kusan kowace rana tun Maris, babu ko ƙararrawar zafi ɗaya a kansa. Da na bi wayoyin bayan akwatin na gane cewa gurbi na ɗaya da na huɗu suna kan fes na farko, na biyu yana kan fes na biyu tare da na'urar sanyaya ɗakin kayan aiki, na uku kuma shi kaɗai ne a kan fes na uku. Da ƙarfe sha ɗaya awo ya nuna 231 da 229 da 233. Wajen biyu da rabi, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki ba hutu, sai na ga fes na farko ya sauka zuwa 207, na biyu 204, na uku kuma ya haura 292, alhali tsakanin fes da fes yana nan kusa da 400 bai motsa ba. Tsakanin nutiral da ƙasa na sami kusan bolt 60. Ina tsaye a wurin tsohuwar na'urar da na mayar gurbi na uku ta kashe kanta, ita da ba ta taɓa yi ba, sabuwar kuma tana aikinta lafiya a gurbi na ɗaya.

Na tayar da janareta na juya lodi kansa, abin bai canja ba, sai na fahimci matsalar tana bayan na'urar sauya wuta tsakanin layi da janareta ne, a ɓangarenmu. Na kashe wutar layi da janareta duka, na tabbatar da mita cewa babu wuta, tasha ta koma kan batir, sannan na buɗe allon rarrabawa. Wayar nutiral da ke zuwa daga na'urar sauya wuta tana lilo a kan sandarta, notin ya saki har ina juya shi da yatsa, tagullar ta koma baƙa-baƙa, robar wayar ta ƙandare tana farfashewa kusan tsawon ɗan yatsa. Na yanke inda ya ƙone, na matse sabon kai, na goge sandar har ta yi haske, na ɗaure. Da na mayar da wuta, fes ukun suka tsaya tsakanin 228 da 234 har la'asar sakaliya, nutiral da ƙasa kuma bai kai bolt 2 ba.

Baba Tukur, matatar ƙofa na ɗaga ta ga rana ban ga haske ba ko kaɗan, na wanke ta na shanya kafin in mayar. Injiniya Hadiza, ma'aunin zafin na same shi yashe a ƙasan akwati kusa da ramin shigar iska, kuma a cikin kwantirola ma an kashe tsarin daidaita wuta da zafi gaba ɗaya. Batir ɗaya a jeri na biyu ya yi ciki. Oga Bashir, na haska matacciyar ta ramukan, akwai baƙin hayaƙi a wajen shiga.

Injiniya Lawal, Ƙofar Kaura

Madalla, Aminu, ka yi aiki mai tsabta, musamman da ka gwada a kan janareta kafin ka ɗora laifi a kan wutar layi, da kuma kashe komai kafin ka taɓa nutiral, domin kwance shi alhali fes suna da wuta yana iya ƙone duk abin da ke tashar. Ga Sani da sauran ɗalibai, abin da ya faru shi ne nutiral ne yake riƙe da tsakiyar fes uku, shi ne kuma hanyar komawar wutar da ta rage idan kayansu bai zo daidai ba. Idan mahaɗinsa ya saki, tsakiyar takan gusa zuwa wajen masu nauyin kaya, wutarsu ta ragu, ta mai sauƙin kaya kuma ta hau. Da rana na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara rashin daidaiton, wutar da ke bi ta sakakken mahaɗin ta ƙaru, ya yi zafi, zafin ya ƙara lalata shi. Shi ya sa safiya take ɓoye ciwon.

Abu biyu suka rage maka a ɓangaren AC. Ka duba na'urar kare tsawa da ke allon, domin ita ma ta sha wannan wuta. Idan ɗan tagarta ya koma ja daga kore, ka sauya ta kafin ruwan Yuni. Sannan ka sake raba kayan a kan fes ukun, don su fi daidaita.

Injiniya Hadiza, Dutsen Safe

Batir ɗin da ya kumbura ba zai koma ba, kuma ban ba ka shawarar cusa sabo ɗaya cikin tsofaffi uku ba, domin ba za su raba caji daidai ba, sabon zai tsufa da wuri. Kafin ka rubuta bukatar kaya, ka manna ma'aunin a gefen batir na tsakiyar jeri, ka kunna tsarin daidaita wuta da zafi bisa takardar mai ƙera baturan, ka bar su su cika. Daga nan ka yi gwajin sauke caji da lodin tashar, kana rubuta bolt ɗin kowane batir duk bayan minti goma sha biyar, janareta kuma yana shirye, ka tsaya tun kafin wutar ta kusanci bolt 43 inda kwantirola ke yanke batura. Jiya da kuka koma kan batir, minti nawa aikin ya ɗauka, kuma wutar ta sauka zuwa nawa?

Aminu, Daura

Aikin ya ɗauki kimanin minti arba'in, kuma lokacin da na mayar da wuta allon yana nuna 47.1, abin da ya fi saurin da na zata. Na raba jeri na biyu daga tsarin saboda kumburin, na rage iyakar caji zuwa amfiya 15 tunda jeri ɗaya ya rage, na kuma sanar da ofis a rubuce. Ranar Asabar zan koma da sabuwar na'urar kare tsawa, domin tagar ta fes na uku ta riga ta yi ja, in yi gwajin jeri na ɗaya, in kawo muku alƙaluman batir huɗun a nan. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba Tukur, Ƙofar Soro

Amin, ɗana. Ka tafi da littafi mai bango mai kauri ka bar shi cikin akwatin, ka fara shafin farko da awon jiya, na safe da na rana duka. Kuma tunda hannu ɗaya ne wataƙila ya ɗaure allunan sauran tashoshinka na wajen Zango da Sandamu, ka bi nutiral ɗinsu ɗaya bayan ɗaya kafin zafin Mayu ya wuce.